Kofato Ne Ke Shuka Burugu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan takarda da hannuna, a ɗakina, hankalina a jikina yake, ko ɗigo bai ragu ba. Na fara da wannan ne saboda na san ɗana Injiniya, na san abin da zai fara faɗa in an gama karantawa: tsufa ne, ciwo ne, ƙwayoyin asibiti ne suka juya mata kai. Ƙafafuna ne suka kumbura, zuciya ce likita ya ce ta gaji. Kaina kuwa har yau ya fi na wasunku aiki. Liman da mai kemis na bakin titi sun zauna a kan tabarmar nan, sun yi mini irin tambayoyin da ake yi wa wanda ake zargin ya ruɗe, na amsa musu duka, har na gyara wa mai kemis kwanan wata. Sun ga na sa hannu a kowane shafi, su ma sun sa nasu.

Ke Malama ce za ki karanta wa ’yan’uwanki, tunda Allah ya ba ki murya, ita kaɗai ce kuma kika ɗauko a wurina. Ki karanta yadda na rubuta. Kada ki tsallake inda aka ambace ki, kada ki sassauta inda aka ambaci yayanki. A kira matar ɗan’uwanku marigayi ta shigo cikin ɗakin ta zauna a kan kujera, ba a bakin ƙofa inda kuka saba barinta ba.

Huɗu na haifa. Ɗaya Allah ya karɓi abinsa shekara tara da suka wuce, ya bar mata da ’ya’ya uku. Ku uku kuka rage: Injiniya, Malama da Auta. Da abin da fadama ta bayar na ciyar da ku, da shi na kai ku makaranta, kuka fito kuna toshe hanci in iska ta kaɗo warinta. Wannan takarda a kan fadamar nan take, domin in ban da ita ba ni da wani abin kirki da za a yi faɗa a kai.

Na ɗaya. A rufe ni da wuri. Kada a ajiye ni ana jiran wanda ke neman izini a ofis. Wanda bai samu sararin zuwa duba ni ina numfashi ba, ba sai ya wahalar da motarsa saboda gawa ba. Ban yarda da kukan gasa ba. Ke Malama na ga irin wanda kika yi ranar rasuwar mahaifinku, kina yi kina duban wa ke kallo ta gefen mayafi. Addu’a nake so, ita kuwa ba ta buƙatar ’yan kallo.

Na biyu. Gado ba ni zan raba ba, Allah ya riga ya raba, masu sani za su zo su ba kowa nasa. Amma kafin ku tsaya gaban mutane kuna nuna “nan nake so” da makullin mota, bari in gaya muku abin da za ku raba, tunda a cikinku ba wanda ya taɓa tambayata.

Filin da na gada a wurin mahaifina hawa uku ne. Na sama shi ne tudu, daga bakin titi zuwa layin goruba. Jan rairayi ne, mai sauƙin noma, ruwa ba ya zama a cikinsa. In damina ta yi kyau yana ba da hatsi, in aka yi fashin ruwa kwana goma sai ganye ya naɗe. Inda gawo yake tsaye ƙasar tana da rai, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma dabbobi su sha inuwarsa su bar taki a gindinsa. Inda kuka ga ciyawar tofa ta yi farin kai tana kaɗawa, wurin ya gaji. Kada kyanta ya ruɗe ku, na san ku da bin abin da ya yi kyau daga nesa.

Na tsakiya gangare ne, daga goruba zuwa layin jema. Ƙasa ce gauraye, rairayi da laka, tana riƙe danshi har wata biyu bayan ɗaukewar ruwa. Jemar nan ba haka kawai ta tsiro ba. Kakanku ne ya dasa ta tushe-tushe, daidai inda ambaliya ke tsayawa a shekara mai ruwa, domin saiwarta ta riƙe gaɓa. Wata shekara Auta ya bar masu sayen saiwar ƙamshi suka tone rabinta, wai ai ciyawa ce, ciyawa kuwa ba ta ƙarewa. Damina ta zo ta ci gaɓar taku goma sha biyar. Har yau ramin yana nan, Auta, in kana son ganin aikinka.

Na ƙasa shi ne kwari, daga jema zuwa bakin rafi, wanda kuke kira taɓon Inna. Baƙar laka ce. Wata biyar tana ƙarƙashin ruwa, in ta bushe ta tsage har ƙafar akuya takan faɗa ciki. Garma ba ta shigarta, hatsi ba ya yi a cikinta. A nan burugu ke fitowa. Ciyawa ce mai kara kamar ƙaramar rake, mai ɗan zaƙi, tana hawa tare da ruwa. Ruwa ya ƙaru ta ƙaru, kanta kullum yana sama. In ruwa ya janye sai ta kwanta a kan laka, kore shar, a lokacin da duk tudun duniya ya koma kamar toka. Saniyar da ta samu burugu wata uku na rani ba ta sanin an yi rani. Madarar shanun nan ce ta zama littattafanku da takalmanku na makaranta.

Ke Malama kin taɓa kawo ɗalibanki a motar makaranta, wai za ki nuna musu tsirran fadama. Kika tsaya can kan tudu don kada takalminki ya ɓaci, kika miƙa hannu kika nuna musu kacalla, kika ce ga abincin shanu. Kacalla, doguwar banzar nan mai kai kamar kyandir, wadda ke toshe hanyar ruwa ta tara tsuntsaye masu cin hatsi, wadda ko jaki mai yunwa sai ya yi shawara kafin ya sa mata baki. Yara arba’in suka duƙa suka rubuta a littafi. Ina tsaye a bayanki ban gyara miki ba, don kada in kunyata ki gaban yara. Yau babu yara a ɗakin.

Na uku. Maganar wayar shinge. Kowa a gidan nan ya san ta, amma kowa ya san ta yadda Injiniya ya ba da labari, don haka zan rubuta yadda aka yi.

Shekara shida da suka wuce na faɗi na karye a ƙugu. Na kwanta wata huɗu a gidanka, Injiniya, kana shigo da abokanka suna ganin yadda kake kula da uwa, kamar wanda ya sayi sabon firiji. Ka ce in huta, za ka riƙe gona. Ka je da kaka, ruwa yana janyewa, ka tarar da Mai Sanda, dattijon makiyayin da ke shigo da garkensa kwarin tun mahaifina yana raye, ya kora shanu cikin burugu suna tattaka ta a taɓo. Ranka ya ɓaci. Ka ce rabin ciyawar a ƙarƙashin kofato take lalacewa. Ka zauna da biro da takarda, ka gano cewa in an hana shanu shiga, aka yanke ta aka busar aka ɗaure dami-dami, za a samu ninki biyu. Dattijon ya ce maka, “Ɗana, ka tambayi mahaifiyarka tukuna.” Ka ce masa mahaifiyarka ba ta karanci wannan fannin ba. Gaskiya ne, a sakandare na tsaya. Ka sayo turakun siminti da waya mai ƙaya, ka zagaye kwarin, ka sa ƙofa da kwado, ka tafi da makullin a aljihu.

Shekarar farko ciyawa ta yi yadda ba ka taɓa gani ba, domin shukar bara ce ta shanun da ka kora. Ka ɗauki hotuna ka kawo mini a gado. Na tambaye ka shanu nawa suka shiga, ka ce ko ɗaya, kana murmushi. Na juya fuskata bango, ka zaci ciwo ne ya motsa ka tafi kiran likita. Da na gaya maka ka koma ka buɗe, ka ce “to, Inna”, irin “to” ɗin da kake ce wa masu roƙo a ƙofar ofis.

Ga abin da ba a rubuta a takardarka ba. Burugu ba ta dogara da iri kamar hatsi. Kowace gaɓa ta karanta, in ta nutse cikin laka mai danshi, saiwa take yi ta zama sabon tushe. Abin da ke danna ta cikin laka kuwa kofaton saniya ne. Saniya tana cin rabi tana shuka rabi, ta zuba taki a kai ta wuce. Abin da ka gani ka kira ɓarna, shukar baɗi ce ake yi a gabanka. Kai ka yanke ta sama ka kwashe, abin da ya rage ya kwanta a kan laka rana ta busar da shi, babu mai dannawa. Shekara ta biyu rabi ya fito. Ta uku kacalla ta hauro daga bakin rafi, sauran wurin ya zama tsagaggiyar laka tsirara. Ka ce yanayi ne ya canza. Kwarin maƙwabtanmu, da Allah bai ba su ɗa injiniya ba, kore yake shar a wannan shekarar.

Yanzu matar ɗan’uwanku marigayi. Ba zan yi ƙarya ina bakin kabari ba: ban so aurenta ba, ban taɓa sakar mata fuska ba. Gaisuwarta gajera, karatunta da ƙyar, miyarta ba gishiri. Game da miyar har yanzu ina kan bakana. A shekara ta biyu ta wayar, an dawo da ni gida amma ban fara taka ƙasa ba, akan fito da ni a kujera bakin gangare in sha iska. Wata safiya na hango ta ta ɗaga wayar shingen ta kutsa ta ƙasa, ta ɗaure zane a gwiwa, ta shiga kusurwar gabas wajen bishiyar giyayya. Ta kwantar da karan burugu, ta bi shi da ƙafa tana dannawa cikin laka, taku bayan taku, ta kai ƙarshe ta juyo. Daga hantsi har azahar. Kwana goma sha tara tana wannan, shekara ta zagayo ta sake. Ƙayar waya ta yage mata baya, matsattsaku suka sha jininta, diddigenta ya tsattsage. Ba wanda ya sa ta. Ashe ta taɓa jin ina yi wa mijinta bayanin burugu tun tana amarya, ni ina tsammanin wanke-wanke kawai take yi. Ku da na gaya wa ido da ido ba wanda ya riƙe.

Auta ya zo ya gan ta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce saniyar gidanmu ta fita kiwo. Malama ta laƙaba mata ’Yar Taɓo, sunan ya bi ta har bakin yaran unguwa. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Da na kira ta na tambaye ta me take yi, cewa ta yi, “Inna, tunda an hana masu ƙafa huɗu, sai mai biyu ta gwada.” Ban yi dariya a gabanta ba.

Kusurwar nan kaɗai ta rayu. Da na samu ƙafa na sa maƙeri ya fasa kwadon, Mai Sanda ya dawo da abin da ya rage na garkensa. Daga kusurwar aka riƙa yanko kara ana dasa sauran wurin, ana fama da kacalla da lauje cikin ruwa har ƙirji. Shekara uku ke nan, kashi biyu cikin uku ya dawo. A cikinku ba wanda ya jiƙa ko yatsan ƙafa.

Da zan ce ban tono wannan don in ci maka fuska ba, Injiniya, da na yi ƙarya, har da wannan. Amma babban dalilin shi ne mutumin da ka kawo watan jiya da abin awo mai ƙafa uku. Kun tsaya a gangare kuna nune-nune. Na ji za a haƙa magudana, a zuƙe ruwan kwarin da inji, a shuka abin da ake kaiwa manyan kasuwanni. Na ji ka ce masa, “Sai bayan tsohuwa.” Tagar ɗakina gangare take kallo, kunnena kuma ba a ƙugu yake ba. Na ga inda aka yi irin wannan a hayin rafi ina budurwa. Shekara uku masu wurin suka kwashi amfani suna yi wa mahaifina dariya. A ta huɗu kanwa ta taso ta yi fari a kan lakar, domin ambaliyar da ke wanke ta duk shekara an hana ta zuwa. Yau ko ƙaya ba ta tsira a wurin. Kwarina ba zai bi wannan hanyar ba.

Na huɗu. Shari’a ta ba ni iko da sulusin abin da na mallaka, in ba wanda ba magaji ba. Matar marigayi ba ta gadona. ’Ya’yanta ma ba sa gadona tunda kuna raye, na kuma lura da yadda wannan hukunci ya yi muku daɗi, har Auta da ba ya zuwa karatu ya haddace shi. To, na yi wasiyya da kwarin gaba ɗayansa, daga layin jema zuwa bakin rafi, har da giyayya da mashaya, ga ita da ’ya’yanta uku. Ita ce mai cewa a buɗe, ita ce mai cewa a rufe.

Injiniya, na san za ka ce ya fi sulusi. Ka tuna ranar da kuka zo duba ni ku uku da ledar lemo, liman da mai kemis suna zaune. Na tambaye ka kamar da wasa, in aka haɗa gida da tudu da gangare da kwari, kwarin zai kai kashi nawa. Ka yi murmushin nan naka na masu ilimi, ka ce, “Inna, wannan taɓon ko ɗaya cikin goma bai kai ba, sauro kawai yake haifarwa.” Malama ta ce ita ko kyauta ba ta so. Auta ya ce in shi aka ba, a haɗa masa da maganin zazzaɓi. Su biyun jahilci ne ya sa su, kai kuwa da gangan ka faɗa, don ranar rabo su yi rububin tudu su bar maka kwari a banza, injinka yana jira. Liman ya rubuta maganar kowa a bayan wannan takarda. In ka tashi gaban alƙali ka ce ya fi sulusi, sai ka fara bayyana wa ƙannenka dalilin da ya sa ka ce musu ba shi da daraja.

Na biyar. Ke matar ɗana, da ke nake yanzu. Kada ki ɗauka yabonki nake yi, aiki na ɗora miki, in kika yi sakaci kuma Allah zai tambaye ki.

Kada ki buɗe da wuri don ana matsa miki. In ruwa ya wuce gwiwarki a gindin giyayya, shanu iyo za su yi su tumɓuke ciyawar har saiwa. Kada kuma ki makara. In kika taka laka ba ta riƙe sawunki ba, kofato karya kara kawai zai yi, ba zai binne shi ba. Tsakanin nan bai fi kwana ashirin ba, kuma ba ya faɗowa rana ɗaya kowace shekara, saboda haka kalanda ba za ta yi miki amfani ba, ƙafa za ki sa. Manyan shanu ne za su fara shiga, su ke da nauyin dannawa. Awaki da tumaki sai ƙasa ta bushe, su ci suke yi har gindi ba sa shuka komai, irinsu ma akwai a cikin mutane. Kada garke ya daɗe wuri ɗaya har ya mayar da shi kunun laka, a riƙa matsawa. In ruwan farko ya sauka toho ya fito, a fitar da kowa, ko saniyar liman ce.

Kacalla a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ruwa ya shiga karan ta shaƙe. Wanda ya ce miki a sa mata wuta, ki gode masa ki wuce, ƙarfi take ƙara mata. Masu kamun kifi da matan da ke tonon bado kada ki hana su. Mahaifina bai hana ba, ni ban hana ba, kada a ce daga samun wuri kin fi mu iko. Sauran wayar da ke gefen kudu a kwance ta a naɗe, a kai wa mai ita har gida, kada a ce mun ci masa kaya.

Na shida. Kuɗin kowa ba ya kaina. Hakki ɗaya ne ya rage a gidan nan, shi kuwa ba daga aljihu ake fitar da shi ba. Shekara ukun da aka rufe kwari, Mai Sanda tafiyar kwana uku yake yi da garke neman ɗanyar ciyawa, tunda kwarin maƙwabta yana da nasa makiyayan, dattijo mai ciwon gwiwa. Maruƙa goma sha ɗaya suka mutu a hanya, har da na shanuna da ke hannunsa. Bai kai ƙara ba, bai yi mana baki ba. Ya zo duba ni da ƙwaryar madara ya ce, “Yaro ne, zai gane.” Yaron nan yana da furfura a lokacin. Injiniya, ka je inda yake da ƙafarka, ka bar mota a titi. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ce masa ka yi kuskure. Kada ka kawo maganar yanayi, kada ka miƙa masa ambulan. Kalmomin ba su da yawa, na san dai za su yi maka nauyi fiye da turakun da ka kafa. In ya riga ka mutuwa kafin ka je, wannan kai da Ubangijinka.

Na bakwai. Malama da Auta, shekara biyu ba kwa gaisawa a kan ɗan filin bakin titi. Ke kina son makaranta mai sunanki a allo, shi yana son wurin wankin mota mai sunansa a allo. Ban ga mai son ƙasar ba, allon kuke so. Wurin fako ne, ko tsinke ba ya tsira, kakanku sussuka yake yi a kai saboda taurinsa. Na ji kunya ranar da maƙwabciya ta tambaye ni ko zinariya aka gano a ciki. In masu rabo sun zo a yi muku ƙuri’a. Wanda bai samu ba ya ɗauki gindin gawo, shi ne ya dace, ko da yake ba na sa ran zai gane. Kai Auta kai ne ƙarami, kai za ka fara zuwa gidanta ka gaishe ta, ka kuma daina kiranta shugabar makaranta a gaban mijinta. Ke kuma ki daina karanta wa ƙawayenki saƙonninsa kuna gyara masa rubutu. Ke ce malama, a gabanki ya girma bai iya ba.

Na takwas. Ƙananan kaya na riga na bayar da hannuna, kada a neme su a ɗaki a ce wani ya ɗauke. Keken ɗinki yana wurin babbar ’yar marigayi. Lauje da dogon takalmin ruwa suna wurin uwarta, da ma ita ke amfani da su. Littafina na labarin ƙasa tun na sakandare na Malama ne, na naɗe mata shafin da ya kamata ta fara da shi. Tufafina a ba mabuƙata, ban da waɗanda kuka saya mini don hoto, su ban taɓa sawa ba, ku mayar kanti in za su karɓa.

Na tara, shi ne na ƙarshe. Zumunci, wanda kowace uwa ke rufe takardarta da shi. Ba zan roƙe ku ku so juna ba, na yi shekara talatin ina roƙo da baki. Ga yadda ƙasar take. Tudu da gangare naku ne, titi yana gabanku. Amma daga tsakiyar rani rijiyar tudu ƙafewa take yi, babu ruwa babu ɗanyar ciyawa sai a kwari. Shanun da za ku gada, da waɗanda za ku saya don a ce kuna da shanu, a wurinta za su ci su sha. Ita kuma tana da ruwa tana da ciyawa, amma rafi ne a bayanta, ku ne a gabanta. Madara ko dami ba zai kai titi ba sai ta cikin gonakinku.

Liman ya ba ni shawara in rubuta mata hanya, in rubuta muku mashaya, don kada a yi rigima bayana. Na ƙi. In na rubuta, kowa zai bi ta nasa ya wuce ba sallama, jikokina su tashi ba su san fuskar juna ba. Yadda na bar shi, kowace shekara in ruwa ya fara janyewa dole ku sauko da kanku, ku tsaya a layin jema, ku yi mata sallama, ku kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata, ku nemi izini. Ita ma dole ta hau ta gaishe ku ta nemi hanya. Wanda ya ga dama ya toshe mata, kafin wata ya zagayo zai ga amsa a haƙarƙarin shanunsa.

Allah ya yi muku albarka ku duka, har da wanda ransa ke tafasa yanzu. Abin da kuka yi mini na yafe, wanda na sani da wanda kuka zaci ban sani ba. Abin da kuka yi wa matar ɗan’uwanku ba nawa ba ne balle in yafe, ku nema a wurinta. Ni ma ku yafe mini kaifin harshe, ita kuma ta yafe mini shirun da na yi lokacin da ya kamata in yi magana. Allah ya jiƙan mahaifinku da ɗan’uwanku, ya raya ’ya’yanku, ya ba su hankalin da ya tsallake ku. Ku riƙe juna, ko da don ba ku da yadda za ku yi.

Ke kuma matar ɗana, in sun sauko, ki bar su su ɗan tsaya a rana kafin ki amsa. Amma ki amsa.

Mahaifiyarku.